Ƙasar Napa ta tsira daga siminti, amma masu noma ta fa?

Ƙarfe biyu na dare maƙwabcina yake fita aiki a watan Satumba. Daga kan gado nake jin tashin motarsa. Mutumin jihar Michoacán ne ta ƙasar Meziko, ya haura shekara hamsin, kuma fiye da rabin shekarun nan a gonakin inabi na kwarin Napa ya yi su. Da dare ake girbi a can, domin ana son 'ya'yan inabin su isa wurin matsa da sanyinsu, tun rana ba ta taɓa su ba. Ya taɓa buɗe mini bayan motarsa na ga kayan aikin: fitilar ɗaurawa a goshi, da wata 'yar wuƙa mai lanƙwasa kamar ƙaramin lauje, da robar da ake cikawa da nonon inabi, a ɗora a ka, a ruga a juye cikin akwatin da tarakta ke ja. Gudu ake yi na gaske, saboda a lokacin girbi yawanci nauyin abin da aka yanka shi ne ladan mutum. Babban yatsansa na hagu duk tabon wuƙa ne.

A garin Vallejo muke zaune, wato a wajen gundumar Napa, a arewacin jihar Kalifoniya. Ba don ya fi son Vallejo yake nan ba. Kuɗin haya a kusa da gonakin da yake yi wa hidima ya fi ƙarfinsa, shi ya sa yake tuƙi mai nisa kullum, zuwa da dawowa.

Ni ba na shan giya, addinina ya haramta mini, kuma ba na fatan kowa ya sha. Na faɗi wannan tun da wuri don kada mai karatu ya ɗauka talla na zo yi. Sai dai harkar noman inabin giya da ta ci ƙasa eka wajen 45,000, take ciyar da dubban iyalai, ciki har da na mutumin da muke haɗa katanga da shi, ba abin da zan kawar da kai in ce babu ruwana ba ne. Na kuma lura cewa duk wanda zai ba ka labarin Napa, daga gasar ɗanɗana giya da aka yi a Faris yake farawa, a 1976. A ganina an ɗauko labarin daga tsakiya. Abin da ya sa Napa ta zama Napa ya faru shekara takwas kafin nan, a zauren majalisar gunduma, kuma maganar ƙasa aka yi a ranar, babu wanda ya ɗanɗana komai.

Kwarin ba shi da girma. Tsawonsa bai wuce kilomita 50 ba, inda ya fi faɗi kuwa kilomita 8 ne. Da rana zafi, da yamma hazon teku ya shigo daga kudu ya sanyaya shi, irin yanayin da inabi yake so ke nan. Ƙabilar Wappo ce ke zaune a wurin kafin zuwan Turawa, cuta da kora suka ɗaiɗaita ta. George Yount ya fara dasa inabi a ƙarshen shekarun 1830. A 1861 wani baƙo daga Jamus, Charles Krug, ya kafa gidan sarrafa giya na kasuwanci a St. Helena, Jacob Schram ya biyo baya a 1862, gidan Beringer a 1876, Inglenook a 1879. Sunayen nan suna nan a jikin alluna har yau. Waɗanda suka share duwatsu, suka haƙa kogunan ajiya da diga da shebur a Schramsberg da Beringer, leburori ne 'yan ƙasar Sin, kuma babu allon da ya ɗauki sunayensu. Ladan da Amurka ta ba su shi ne dokar 1882 da ta hana ma'aikatan Sin shigowa ƙasar. Tun daga tushe haka harkar ta ginu: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Zuwa 1889 gidajen sarrafa giya a Napa sun haura 140. Daga nan bala'i ya yi ta zuwa bi da bi. Wani ƙanƙanen ƙwaro da ake kira filoksera, mai tsotsar saiwa, ya cinye mafi yawan gonakin a shekarun 1890. Maganinsa abu ne da duk mai lambun mangwaro ya sani, wato aure: a ɗauko reshen inabin Turai mai daɗi a aura shi a kan gindin inabin Amurka wanda ƙwaron ba ya iya kashewa. Ba su gama farfaɗowa ba gwamnatin Amurka ta haramta sarrafa giya da sayar da ita a faɗin ƙasar, daga 1920 har zuwa Disamba 1933. 'Yan gidaje kaɗan ne suka tsallake, irin su Beaulieu na Georges de Latour, wanda ya rayu da sayar wa coci giyar ibada. Wasu manoma sun riƙa loda ɗanyen inabi a jirgin ƙasa zuwa biranen gabas, inda baƙi 'yan Italiya da sauransu ke matsa nasu a gida. Da yawa kuwa sun tuge inabin, suka koma dasa itatuwan furun, wani ɗan itace mai kama da ɗinya da ake busarwa, ga gyaɗar bishiya, ga kiwon shanu. Ina so mai karatu ya riƙe wannan. Giya ta tafi shekara goma sha uku, gonakin suna nan a matsayin gonaki, ana ci daga gare su.

Barazanar da ta fi ƙwaro da haramci muni ta zo ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma da fara'a ta zo, da kuɗi a hannu. A kudu da San Faransisko akwai kwarin Santa Clara, wanda a da ake yi masa kirari saboda lambunan 'ya'yan itatuwansa. Cikin 'yan shekaru aka sare itatuwan, aka yanka filaye, aka zuba kwalta da gidaje da masana'antu. Shi ne yau duniya ta sani da Silicon Valley. Yadda abin yake faruwa ba shi da wuyar ganewa. Da zarar maƙwabcinka ya sayar wa mai gini, sai ma'aikatar haraji ta ƙiyasta gonarka da kuɗin fili na gari, harajin ya fi abin da gonar ke bayarwa, kai ma ka sayar, na gaba da kai ya shiga halin da ka fito. Jihar ta yi dokar Williamson a 1965 don a riƙa karɓar harajin gona a matsayin gona. Mutanen Napa suka ga hakan bai isa ba, ga kuma maganar ratsa babbar hanyar mota ta tsakiyar kwarin. Gemun ɗan'uwa ya kama da wuta, suka shafa wa nasu ruwa.

A 1968 majalisar gundumar ta kafa abin da ya zama gandun noma na farko da doka ta keɓe a Amurka. Aka shata eka wajen 23,000 a tsakiyar kwarin, aka ce noma ne amfanin da ya fi dacewa da wannan ƙasa, kuma ba za a yanka gona ta gaza eka 20 ba. Daga baya aka ɗaga zuwa eka 40. Mai son yin rukunin gidaje ba shi da abin yi da filin da aka hana shi yankawa, sai ya nemi wani wuri.

Ba da tafi aka karɓi dokar ba. Masu gonaki da dama sun ce fashi ne da rana tsaka, kuma ba zan ce ba su da hujja ba. Ka ɗauki dattijon da ya ƙare ƙarfinsa a kan eka talatin na furun, ba shi da fansho sai ƙasar nan, yana lissafin ya yanka ta ya raba wa 'ya'ya ko ya sayar ya huta, rana ɗaya a ce masa ba shi da iko. A lokacin inabi bai yi tsadar da zai rarrashe shi ba. Robert Mondavi bai daɗe da buɗe gidansa na sarrafa giya a Oakville ba, a 1966, kuma shi ne babban gida na farko da aka gina tun bayan haramci. Waɗanda suka tsaya wa dokar, irin su Jack Davies na Schramsberg da wani tsohon malamin jami'a daga Shikago mai suna Warren Winiarski, caca suka yi a kan abin da ba a gani ba tukuna. An kai ƙara kotu, dokar ta tsaya.

Shekara biyu bayan haka, a 1970, Winiarski ya sayi wani lambun furun, ya tuge itatuwan ya dasa inabi. Da 'ya'yan da itatuwan nan suka ba da a 1973, suna da shekara uku kacal, ya yi giyar da aka kai Faris. A ranar 24 ga Mayu 1976 wani ɗan kasuwa Bature ɗan Ingila, Steven Spurrier, ya tara alƙalai tara, dukansu Faransawa masana, aka zuba musu giyar Faransa da ta Kalifoniya ba tare da sun ga kwalba ba. Da aka haɗa maki, ta gidan Winiarski, Stag's Leap Wine Cellars, ta zo ta ɗaya a jar giya. A fara kuma ta Chateau Montelena ce ta zo ta ɗaya, wadda Mike Grgich, baƙo daga Kuroshiya, ya haɗa. Ɗan jarida ɗaya ne tak a wurin, George Taber na mujallar Time, kuma ɗan gajeren rahotonsa ya isa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, yawancin inabin da aka yi farar giyar nan da shi daga maƙwabciyar gunduma, Sonoma, aka sayo. Amma suna ya riga ya bi Napa.

Ban raina abin da ya faru a Faris ba. Tambayata ita ce, da an bar kwarin ya bi sawun Santa Clara, a ina Winiarski zai sami lambun da zai saya da kuɗin malamin makaranta? Kofin da aka ɗaga a Faris a kan dokar 1968 yake zaune. Shi kansa ya san haka, domin har ya rasu a 2024 bai daina faɗa a kan kare ƙasa ba.

Bayan Faris kuɗi ya kwararo. A 1981 gwamnatin tarayya ta amince da Napa a matsayin yankin inabi mai suna na kansa, na farko a Kalifoniya. Filoksera ya dawo a shekarun 1980, domin gindin da aka yi ta auren inabi a kansa, mai suna AxR1, wanda masana suka ba da shawararsa, ashe ba shi da juriyar da aka zata. Aka sake tuge gonaki da asarar da ta kai dala biliyan ɗaya, kuma da aka tashi sake dashe, kowa ya karkata ga irin da ya fi kawo kuɗi, Cabernet Sauvignon. A 1990 masu zaɓe suka ƙara wa dokar ƙarfi, suka ce ba za a sauya ƙasar noma zuwa wani abu ba sai an yi ƙuri'ar jama'a. A 2008 suka tsawaita wannan sharaɗi har zuwa 2058. Yau Napa ba ta ba da fiye da kashi 4 cikin ɗari na giyar Kalifoniya, amma tan ɗaya na inabinta na Cabernet ya haura dala 8,000, ninkin-ba-ninkin abin da manomin tsakiyar jihar ke samu. Gidajen sarrafa giya sun wuce 400, baƙi masu yawon buɗe ido sun wuce miliyan 3 a shekara.

A nan ne zuciyata take rabuwa biyu, domin dokar da nake yabo ita ce kuma ta taimaka wajen tura maƙwabcina Vallejo. Inda aka hana gini, gidan da ke akwai sai ya yi tsada. Ƙasar da aka ce ta noma ce, ta zama wurin da attajiri ke sayen eka arba'in, ya dasa inabi a gaba don ado, ya gina fada a baya. Gidajen da iyalai suka kafa suna ta komawa hannun manyan kamfanoni: na Mondavi ya tafi ga Constellation Brands a 2004 a kan fiye da dala biliyan ɗaya, na Winiarski aka sayar a 2007 a kan dala miliyan 185. Kowace shekara ana ja-in-ja a kan ko gidan sarrafa giya gona ce ko wurin biki da cin abinci. Da ƙasan kwarin ya cika, aka fara hawa tsaunuka ana sare itatuwan oak don dasa inabi, a daidai wuraren da ruwan sha na garuruwan ke gangarowa. A 2018 an kawo ƙudurin taƙaita wannan sara, Winiarski na cikin masu goyon baya, manyan ƙungiyoyin masu giya suka yi adawa, ƙudurin ya faɗi da ratar 'yan ɗaruruwan ƙuri'u. Waɗanda kakanninsu a sana'a suka roƙi maƙwabta su haƙura da ribar gini saboda amfanin kowa, da aka zo kansu sun kasa haƙura da ribar tsauni.

Su kuwa masu aikin, tun shirin Bracero da ya riƙa kawo leburori daga Meziko tsakanin 1942 da 1964, hannun 'yan Meziko ne ke datsar rassa cikin sanyin Janairu, shi ne ke aure, shi ne ke girbi. Dokar ƙwadago ta tarayya ta 1938 ta bar ma'aikatan gona a waje, kuma sai a 2016 Kalifoniya ta yi dokar da ta kai su, a hankali a hankali, ga samun kuɗin ƙarin lokaci bayan awa takwas kamar kowane ma'aikaci. Adalci ne in faɗi cewa Napa ta fi wurare da yawa kyautatawa. Lada ya fi na sauran yankuna, kuma tun 2002 masu gonaki suka ɗora wa kansu haraji a kan kowace eka don ɗaukar nauyin masaukan ma'aikata guda uku. Amma gado 60 ne a kowanne, 180 ke nan gaba ɗaya, na maza marasa iyali a tare da su, a harkar da ke buƙatar dubban hannaye. Akwai waɗanda suka haura, kamar iyalin Ceja, da Rolando Herrera wanda ya fara da fasa dutse a gidan Winiarski ya zo ya kafa nasa gidan, Mi Sueño, a 1997. Ana yawan nuna su, kuma sun cancanta. Sai dai da farashin ƙasa na yau, ɗan leburan da zai maimaita abin da suka yi sai an tona.

A 2020 na ga abin da idona. Gobarar da aka sa wa suna Glass ta tashi a ƙarshen Satumba, ana tsakiyar girbi. Sama ta yi ja, toka tana sauka a kan motoci har unguwarmu. Kwanakin farko maƙwabcina ya riƙa fita da ƙyalle a hanci, ya dawo idanu jajur, yana tari. Daga baya kuma sai na daina jin tashin motar. Hayaƙi ya shiga 'ya'yan inabin, masu saye suka ƙi karɓa, gonaki da yawa aka bar su ba a girbe ba. Wasu masu gonaki suna da inshorar amfanin gona. Shi kuwa makonnin nan su ne kakarsa, da su yake biyan bashin shekara yake aika wa mahaifiyarsa. Wata rana da yamma na same shi zaune a ƙofar gida yana wasa wuƙar nan a kan dutse, alhali babu inda za shi da ita.

Yanzu ga wani sauyi ya tunkaro. Amurkawa suna rage sha. Binciken Gallup na 2025 ya nuna kashi 54 cikin ɗari ne na manya suka ce suna shan barasa, adadi mafi ƙanƙanta tun da aka fara wannan tambaya a 1939. A Janairun shekarar babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya yi gargaɗi a kan alaƙar barasa da ciwon daji. Matasa ba sa bin iyayensu a wannan hanya. A faɗin Kalifoniya ana tuge dubban ekoki na inabi, za ka ga an tara itatuwan tsibi-tsibi a bakin hanya. Ba zan ɓoye ba, raguwar shan giya alheri ce a wurina, domin na san gidajen da kwalba ta rusa, a nan da kuma can gida. Abin da nake tsoro shi ne abin da za a yi da ƙasar, da kuma mutanen.

Idan inabi ya daina biya, masu gonaki za su zo gaban majalisa su ce a sassauta musu: a bar su su yi otal, su yi zauren biki, su yanka gefe su sayar. Za su ce ko haka ko su durƙushe, wasunsu kuma gaskiya za su faɗa. Ra'ayina shi ne kada a ba su. Dokar 1968 noma ta ce a kare, ba ta ɗaura wa ƙasar aure da giya ba. Ƙasar da ta ba da alkama kafin inabi, ta ba da furun da gyaɗar bishiya a zamanin haramci, za ta iya ba da zaitun da kayan lambu da 'ya'yan itatuwa ga miliyoyin mutanen da ke zaune tafiyar awa ɗaya ko biyu daga gare ta. Na san amsar da za a ba ni: babu amfanin gonar da zai biya ekar da aka saya da dubban ɗaruruwan daloli. Haka ne. To farashin ne ya kamata ya sauko. Wanda ya saya da tsada ya yi kasuwanci ne, kasuwa kuwa riba da asara ce, kuma asararsa ta kuɗi tana iya dawowa. Gonar da aka zuba wa siminti ban taɓa jin an mayar da ita gona ba, mutanen Santa Clara shaida ne.

Inda nake so a sassauta daban ne. Garuruwan da ke cikin kwarin, Napa da Yountville da St. Helena da Calistoga, suna da filaye a cikin iyakokinsu, kuma sun fi saurin amincewa da sabon otal a kan gidajen haya masu sauƙi. A juya wannan. A gina gidaje masu hawa a cikin gari, na iyali, inda mai datsar rassa zai zauna da matarsa, 'ya'yansa su je makaranta a ƙafa. Harajin ekar da ke riƙe da gadaje 180 a ɗaga shi, a ƙara da kaso daga harajin da baƙi ke biya a otal. A kuma kafa asusun da zai biya ma'aikaci ranar da hayaƙi ko zafi ya hana aiki, tunda gobarar 2017 da ta 2020 sun nuna abin ba na shekara ɗaya ba ne. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar a taɓa ko eka ɗaya ta gandun noma.

Masu adawa da gidajen nan sukan ce za su ɓata kyan gari, su kawo cunkoso. Cunkoson yana nan tuni. Duk wanda ya bi hanya mai lamba 29 da asuba ya ga jerin motocin da ke shigowa daga Vallejo da Fairfield, cike da masu girki da masu shara da masu aikin gona, da yamma kuma su juya. Ƙuri'ar da za ta yanke makomar ƙasar nan daga yau har 2058 ta mazauna gundumar Napa ce kaɗai, kuma maƙwabcina, da ya shekara fiye da ashirin da biyar yana sunkuye a kanta, a gundumar Solano yake kwana.